Gurbin da Kawu Ya Cike

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, Kawu kuwa ya riga mu.

Ranar da ya rasu gidanmu na Zongo a Paraku bai ɗauki mutane ba. Dillalan shanu sun zo daga kasuwar Turu, mahauta sun baro rumfunansu ko hannu ba su wanke da kyau ba, Fulani sun jingina sanduna a bango sun tsugunna a bakin zaure. Wani tsohon Bafulatani da na sani tun ina yarinya ya tuɓe malafa yana kuka, ba ya ma ɓoyewa, yana cewa wa kuma zai gaya masa gaskiyar saniyarsa. Inna, matar Kawu, ba ta yi kuka ba. Ta zauna a ƙofar ɗakinta ta zuba wa ɗakinsa ido, duk wanda ya yi mata gaisuwa sai ta amsa ba tare da ta juyo ba.

Amma a tsakar gida raɗa ta fi kuka yawa. Masu wanka da suka shiga ɗakin sun tarar da gita a kan gadonsa, an naɗe ta da babbar rigarsa ta Sallah, shi kuwa a tabarma yake kwana. Irin gitar nan ce da makaɗa ke kira bas, doguwa mai nauyi, tsirkiyoyinta huɗu masu kauri, jikinta ja wur mai sheƙi kamar ɓararren goro. Kafin a ɗauki gawa labari ya zaga mata. Alhaji da gita! Mutumin da sahun gaba bai taɓa wuce shi ba! Wata ta ce ai ko a ƙuruciya an ce ya taɓa bin makaɗa, ƙarya ce tsagwaronta. Wata ta ce ita da kunnenta ta ji abin yana gurnani shi kaɗai lokacin da ake fito da shi. Wannan kam ba ƙarya ba ce, na sha ji. In babban kamyo, motar kaya ke nan, ya wuce a bakin titi tsirkiyar nan mafi kauri takan amsa da kanta, wata irin murya ƙasa ƙasa da kake ji a ciki kafin ka ji a kunne.

Da aka dawo daga maƙabarta Yaya, babban ɗan Kawu, ya fito da ita tsakar gida ya aika a kawo masa gatari. Ya ce kayan kiɗa ba sa shiga gado, kuma ko suna shiga, wannan abin ne ya cinye mahaifinsa da ransa. Ni ban san lokacin da na tashi daga cikin mata ba. Na rungume ta na ce, "Yaya, sai dai ka fara da hannuna."

"Ke, ki ji tsoron Allah, mutane na kallo."

"Su kalla mana! Ba tamu ba ce, kai ma ka sani. Amana ce, kuma ni ya bar wa."

Ya yi tsaki ya shige zaure. Har yau gaisuwarmu ba ta wuce ina kwana ba, oho, ni dai ban saki ba.

Abin da ya sa nake rubuta wannan ke nan. Na ga alama nan gaba ba za a tuna Kawu da komai ba sai cewa shi ne Alhajin da aka samu gita a gadonsa, kuma wallahi hakan yana ci mini rai. Gara in faɗi yadda abin yake, da daɗinsa da rashin daɗinsa.

Kawu wan mahaifiyata ne. Da mahaifina ya rasu shi ya ɗauko ni ya haɗa ni da 'ya'yansa, bai taɓa bari na ji bambanci ko a kwanon tuwo ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Wannan ne ya ba ni bakin da ba wanda yake da shi a gidan. 'Ya'yan cikinsa ba sa iya ɗaga ido su dube shi, ni kuwa sai in tsaya a kansa in ce, "Kawu, ba ka ci abinci ba," ya ce, "To, Uwata ta yi magana," ya jawo kwano. Da aurena ya mutu na dawo gida da akwati ɗaya, bai tambaye ni laifin wa ba. Washegari ya sa ni gaba har kasuwar Arzeke, ya nuna mini tebur a layin masu kayan kwalliya ya ce, "Ga mijin da ba zai kore ki ba." A kan teburin nan nake har gobe.

Dillalin shanu ne tun kafin a haife ni. Shi bai yarda da ido ba. Kowa na zagaya sa yana duban ƙaho da tozo, shi sai ya ce, "Bari in taɓa tukuna." Ya rufe ido ya ɗora tafin hannu daga wuya ya bi gadon baya har gindin wutsiya, sa'an nan ya faɗi abin da ke cikin dabbar, ko mai saye ya ji haushi ko mai sayarwa. Haka yake yi wa komai. Atamfa, kankana, goshin yaro mai zazzaɓi, har saurayin da ya zo neman aure sai ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba. Muna yi masa dariya a bayan ido. Yana da faɗa, ba na ɓoye wannan, in ransa ya ɓaci ko kaji sun san su bar tsakar gida. Amma bai iya kwana da haƙƙin wani ba. Ya taɓa komawa Turu da tsakar rana a ƙafa don kawai ya gaya wa wani mutum cewa saniyar da ya saya ta taɓa ɓari, ya manta bai faɗa ba.

A Turu ɗin abin ya faru. Ranar kasuwa ce, ana loda shanu a kamyo a bakin hanyar Jugu. Wani bijimi fari ya tsinke igiya ya yi kan titi, daidai lokacin da wani zemijan ya taho, ɗan acaɓa ke nan, da fasinja a bayansa. Fasinjan saurayi ne ɗan ƙauyen Seru ta wajen Jugu, yana kaɗa bas a coci da wuraren biki, ya rataya gitarsa a baya za shi gida. Bijimin ya ɗauke su. Mai babur ya tashi da ƙujewa, saurayin kuwa kansa ne ya bugi kwalta. Kawu ya sa aka ɗora shi a motarsa, ya ɗora kan yaron a cinyarsa, wani ya jefa gitar a bayan mota. Ba su kai asibiti ba. Kawu ya ce mini yaron bai yi magana ba, hannunsa kawai yake ta motsi a kan rigar Kawu, yatsu biyu suna tafiya kamar yana kiɗa, har suka tsaya.

Jandarma sun duba sun ce ba laifin kowa, igiya ce ta tsinke. Limaminmu ya ce ƙaddara ce. Kawu ya ce duk ya ji, amma da safen nan shi da kansa ya shafa igiyar, hannunsa ya gaya masa ta fara cinyewa, ya ce a bari za ta kai yau. "Hannuna ya faɗa mini, Uwata. Ni na ƙi ji." Tun daga ranar ya ɗauka cewa ran yaron nan yana wuyansa, kuma ba mai sauke masa sai uwar da ta haife shi. Uban ya daɗe da mutuwa, yaron shi kaɗai ne namiji a ɗakinta.

Da za su je gaisuwa Seru ya fito da gitar daga mota don ya kai mata. Ya shafa ta, yadda ya saba, sai hannunsa ya tsaya. A ƙasan jikinta, kusa da inda take yin faɗi, akwai ɗan gurbi da bai fi ƙwayar wake ba, fentin ya lotsa ya tsage a gefe. Ya sa ɗan yatsa a ciki ya daɗe. Ya ce tsinin ƙaho ne, ya san shi, ya shekara nawa yana ganin irinsa a jikin ƙofar kamyo. Ya kai ta ɗaki ya ce ba zai miƙa wa uwa kayan ɗanta da shaidar ƙahon da ya kashe shi ba, duk safiya ta tashi ta gani. Sai ya gyara. Suka tafi ba gita. Tsohuwar ba ta fito ba, ta bayan labule ta amsa gaisuwa, abin da suka kai kuma ta sa aka mayar musu da shi mota.

Wani kafinta maƙwabcinmu ne ya fara nuna masa hanya. Aka jiƙa tsumma aka ɗora a wurin, aka danna bakin dutsen guga mai zafi, tururi ya shiga itacen ya ɗan taso. Bai taso duka ba. Kafintan ya ce saura sai ciko, kuma irin fentin nan mai sheƙi ba shi da shi, amma ya ji an ce jan farcen mata danginsa ne.

Ranar nan ina zaune a teburina sai ga Kawu, da rawani da carbi, ya tsaya a layin da namiji ba ya tsayawa. Maƙwabtana suka zubo masa ido. Ya sunkuyo ya ce a hankali, "Uwata, abin nan da kuke shafawa a farce."

"Kawu! Inna ce ta aiko ka, ko amarya za a yi mana?"

Bai yi dariya ba. A nan na sha jinin jikina, don Kawu bai taɓa barin tsokanata ta faɗi ƙasa ba. Ya zaro ɗan ɓallin fenti da ya ƙwaƙulo daga gefen gurbin, ya naɗe shi a takardar goro, ya ce a nemo mai irin launin. Muka jera kwalabe a rana yana ɗiga kowanne a farcen babban yatsansa yana gwadawa. Ya tafi da ja mai duhu guda, da farin nan mai kamar ruwa, farcensa duk ja, ya manta bai goge ba sai da zai yi alwala.

Daga nan Kawu ya fara raguwa. Yakan zauna da hantsi a ƙofar ɗakinsa inda haske ya fi kyau, gitar a cinyarsa kamar jinjiri. Ya tsoma tsinken tsintsiya a kwalba ya ɗiga ɗigo guda a gurbin, guda tak, sa'an nan ya kifa ƙwarya a kai don ƙura da ƙuda. Ba a ƙara wani sai wancan ya bushe har ciki, kuma in ya bushe sai ya shanye ya koma ƙasa, gurbin ya sake bayyana kamar ba a yi komai ba. Ya ƙara. Ya sake shanyewa. Kafintan ya ce haka abin yake, sai an tara ya yi tudu ya fi jikin gitar, a bar shi ya yi tauri, kana a kankare. Kawu ya ce to. Kasuwa ta fara wuce shi, shi da ko zazzaɓi bai hana shi Turu ba. Fulani suna aiko da gaisuwa suna tambaya ko lafiya.

Da damina ta kankama ya ɗaga ƙwarya wata safiya ya kira ni da wata murya da ban san shi da ita ba. Ɗigon ya yi fari fat a tsakiyar jan nan, ya yi hazo, sai ka ce idon rago bayan yanka. Na ce masa laima ce, haka yake yi mana a farce in an shafa ana ruwa. Ya ce, "Na ji." Amma ya ƙura masa ido, shi ma abin kamar yana kallonsa. Inna ta leƙo ta gani ta yi salati ta koma, daga ranar ba ta ƙara share ɗakin ba. Kawu ya ɗauki reza ya ƙwaƙule aikin watanni ya koma farko, ya ce sai ruwa ya ɗauke.

A cikin daminar nan ƙanen tsohuwar ya zo daga Seru. Mutum ne mai ladabi, ya cire hula a zaure, ya yi magana da yaren Dendi. Ya ce yayarsa ba ta neman komai a wurin Alhaji, kayan ɗanta kawai take so a ba ta. Kawu ya ce a gaya mata tana nan lafiya, akwai ɗan abin da yake ƙarasawa. Bai faɗi ko mene ne ba, kunya ta hana shi ambaton ƙaho a gaban dangin yaron. Mutumin ya koma. Bayan kaka ya sake dawowa, ya sake komawa hannu wofi, wannan karon ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba.

Ranar muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Na same shi a kan gitar na ce, "Kawu, wai kai wa ya aike ka? Matar nan kayanta ta ce a ba ta, ba ta ce a gyara ba."

"Ba ki haihu ba, ba za ki gane ba."

Wannan ta shige ni, don ya san inda ke mini ciwo. Na ce, "Ban haihu ba, amma ni mace ce. Kai tsoron zuwa kake yi, shi ya sa kake ɓuya a bayan kwalbar jan farce!"

Ya ɗago ya dube ni. Na zaci zai kore ni daga gidan. Sai ya miƙo hannunsa na dama ya ce, "Duba." Hannun yana rawa, rawa sosai, hannun da ya yi shekara da shekaru yana karanta shanu. Ya ce, "Tsoro nake ji, gaskiyarki. Kullum in na rufe ido ina jin yatsun yaron nan a ƙirjina. In na je mata da ramin nan a buɗe, da wane baki zan ce ta yafe? Bari in kai mata abu guda da na mayar yadda yake." Na zauna na riƙe masa wuyan hannu ya ɗiga na ranar. Da yamma ya aiko mini da tsire a takarda.

Tun daga nan ni ce mai riƙe hannu. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, ga tari da ba ya jin magani. Yaya ya kai shi asibiti suka ce zuciya ce, ya huta. Ina hutu! Inna ta ce abin nan yana shan jininsa ne ɗigo ɗigo, yadda yake ɗiga masa. Ni ban yarda da wannan ba, amma ba zan yi ƙarya ba, in na shiga ɗakin ni kaɗai ba na juya wa gitar baya.

Da rani ya yi cikon ya tsaya, ya yi ɗan tudu mai tauri. Kawu ya naɗe gefe biyu na reza da salatif ya bar tsakiya, don kada ta ci lafiyayyen wuri, ya dinga jan ta a hankali, wani farin gari yana tashi. Sai takardar gugar kafinta mafi laushi, yana tsoma ta a ruwa. Wurin ya dushe, na ce shi ke nan mun ɓata. Ya ce in kawo man goge baki da tsohon ɗankwalin Inna. Ya yi ta murzawa, ya huta ya yi tari, ya ci gaba, har sheƙin ya dawo. Ya rufe ido ya bi wurin da tafin hannu, ya dawo, ya sake bi. Ya buɗe ido ya ce, "Babu." Rabon da in ga haƙoransa tun kafin Turu. Ya ce a wanke masa babbar riga, ranar kasuwar Jugu zai je da kansa.

Bai kai ranar ba. Bayan la'asar ne, yana jingine a ƙofar ɗaki, ya kira ni ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi. Kafin a nemo mota ya kama hannuna ya ce, "Uwata, in ban kai ba ke za ki kai. Ki durƙusa mata. Ki ce ta yafe mini, kada a tambaye ni yaron nan a can." Na ce haba Kawu, kai za ka kai abinka. Ya yi kalmar shahada, ya sake yi, shi ke nan.

Bayan an share makoki na shiga motar Jugu da gitar a tsaye tsakanin ƙafafuna, har yanzu cikin rigarsa. Daga Jugu na hau babur zuwa Seru, jar hanya, gonakin doya hagu da dama. Ƙanen tsohuwar ne ya tarbe ni. Da na gaya masa Alhaji ya rasu ya cire hula, ya kai ni bayan gida inda take zaune tana ɓare gyaɗa. Ƙaramar mace ce, idanunta sun yi yana, ba ta gani sosai. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta da Dendi, na ce, "Iya, ni 'yar mutumin nan ce mai shanu. Ya rasu. Ga kayan ɗanki ya ce in kawo."

Ta ture ƙwaryar gyaɗa ta miƙo hannu biyu. Na warware rigar na ɗora mata a cinya. Ba ta taɓa tsirkiya ba, ba ta shafa wuyan ba, hannunta ya tafi kai tsaye ƙasan jikin, wajen faɗin nan. Ta shafa. Ta sake shafawa. Ta juya gitar ta duba bayan, ta mayar.

"Wannan ba tasa ba ce."

"Tasa ce, Iya."

"Tasa tana da rami a nan."

Na ji sanyi a raina, na ce ga inda wahalar Kawu za ta yi rana. Na gaya mata duka, yadda ya ga gurbin ƙaho, yadda ya ƙi ya kawo mata shi a haka, da tururi da jan farce da damina da rawar hannu. Ina magana ina kuka. Ita kuwa fuskarta sai ƙara rufewa take yi.

Ta ce, "Wane ƙaho?"

Ƙanenta ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "Ni na yi ramin nan. Ranar da ya ce ya bar gona za shi Paraku kiɗa, fartanya ce a hannuna, na kai wa abin nan sara, ya janye, bakin ya taɓa nan. Na ce ya tafi kada ya dawo. Ya dawo. Duk zuwan da zai yi sai ya kama yatsana ya sa a ramin yana dariya, ya ce masu gyara sun ce su cike masa ya hana, wai sa hannun uwarsa ne. A nan muka shirya, ni da shi. Shi nake ta aike a kawo mini."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta buɗe. Na ce, "Iya, bai sani ba. Don ke ya yi. Ya mutu yana roƙon ki yafe masa."

"Bijimi dabba ne, igiya kuma igiya ce. Wannan na bar wa Allah tun ranar, da ya tambaye ni da na gaya masa. Amma wa ya ce ya taɓa mini wannan?" Sai ta miƙo mini yatsanta manuni, busasshe, duk ƙasar gyaɗa. "Ke kin ga wurin. Ɗora ni a kai. In na ji shi, ko kaɗan ne, na yafe."

Na karkata gitar wajen rana. Ni da na riƙe hannun Kawu wata da watanni a kan wurin nan, na duba ban gan shi ba. Ja ne kawai mai sheƙi, fuskata a ciki. Na kama yatsanta na ɗora inda nake zato. Ta murza ta ce babu. Na matsa gaba kaɗan. Babu. Na gwada ƙasa, na gwada gefe, ina cewa a zuci Kawu ina ma ka yi ha'inci sau ɗaya a rayuwarka. Ta bar ni na yi ta yawo da yatsanta har na gaji, sa'an nan ta zare shi a hankali. Ta tashi da gitar a ƙirji, ta bar rigar Kawu a ƙasa, ta shiga ɗaki ta jawo ƙofa.

Na zauna a wurin har inuwa ta juya. Na kira ta, na sake kira. Ƙanenta ya zo ya ce in tashi kada in rasa motar Paraku, shi zai dinga yi mata magana, amma kada in sa rai da wuri, ya san yayarsa.

Da na iso gida Inna tana zaure, ita da ba ta fita saboda takaba. Ta ce, "Ta yafe?"

Na ce, "Ta karɓi gitar."

"Ba shi na tambaye ki ba."

Na miƙa mata rigar, ta duba fuskata, a ranar ta yi kukan da ba ta yi ba.

Wanda duk ya karanta wannan, in ya san Kawu ko bai san shi ba, ya sa shi a addu'a. Allah Ya gafarta masa abin da ke tsakaninsa da Shi, Ya haskaka kabarinsa, Ya saka masa riƙon da ya yi mini. Abin da ke tsakaninsa da matar nan kuwa yana can Seru a bayan ƙofa. Na koma sau biyu ba ta fito ba, kuma ta tsufa ƙwarai.